Abin da Mai Zuma Yake Zubarwa

Duk inda aka sauke amya aka matse zuma, akwai dunƙulen da yake saura a gindin ƙwarya: saƙar da aka murƙushe, haɗe da matattun ƙuda, da burbushin ciyawa, da tokar wutar da aka kore su da ita. A yawancin ƙauyukanmu ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Yara su tattauna, su tsotse zaƙin, su tofar. Sauran a watsa bayan danga, tururuwa su ƙarasa. To, a cikin wannan tukar kakin zuma yake, kuma a kasuwar duniya kilo guda na kaki mai tsabta yakan fi kilo guda na zumar kanta tsada. Akwai gidajen da suka farga da haka, suka mai da tace kaki da sarrafa shi sana'ar cikin gida. Uwa na kan tukunya, maigida na hanyar ƙauye neman kaya, yara na liƙa takarda a jikin gwangwani. Ina ganin girman wannan sana'a ƙwarai, domin abin da ke riƙe da ita shi ne sanin wuta, da tsabta, da iya jira, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ake saye a kasuwa.

Ya kamata a fara sanin irin wahalar da ke cikin abin tun kafin ya iso hannun mutum. Ƙudan zuma ba ya ɗebo kaki daga fure yadda yake ɗebo ruwan zaƙi. Daga jikinsa yake fitar da shi. Ma'aikaciyar ƙuda da ta kai wajen kwana 12 zuwa 18 da ƙyanƙyasa tana da wasu kafofi takwas a ƙarƙashin cikinta, huɗu dama huɗu hagu. Sai ta ƙoshi da zuma, ta maƙale jikin 'yan'uwanta su rataya wuri guda, ɗumin cikin amya ya tsaya wajen digiri 35, sannan kakin ya tsattsafo ya daskare ya zama ɗan ɓawo fari garau, faɗinsa bai wuce milimita 3 ba. Ta ciro shi da ƙafa, ta kai baki ta tauna har ya yi laushi, ta liƙa a inda ake gini. Sai an tara irin wannan ɓawo fiye da 1,000 kafin a sami giram ɗaya. Masana kiwon zuma sun ƙiyasta cewa ƙudan kan sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su samar da kilo guda na kaki. Wanda duk ya watsar da tuka, ke nan, ya watsar da zumar da aka riga aka kashe wajen gina ta.

Sabuwar saƙa fara ce. Launin rawaya da muka saba gani daga garin fure yake zuwa, da kuma ƙaron itatuwa da ƙudan ke toshe kafofin amya da shi. Saƙar da aka yi renon 'ya'ya a cikinta kuwa duhu take ƙarawa a kai a kai, domin kowace tsutsa in ta zama ƙuda ta fita takan bar siririyar rigarta manne a jikin ramin, har saƙar ta koma baƙa wuluk. Wannan bambanci shi ne karatun farko na mai sana'a, kuma a wurin saye ake fara aiki da shi.

A ƙasar Hausa da kewayenta an fi ɗiban zuma a ƙarshen rani zuwa bazara, bayan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun yi fure, kafin ruwa ya sauka. Lokacin ne mai neman kaki yake bin masu amya, ko a kudancin Kaduna, ko Bauci, ko tsaunukan Taraba da Adamawa, ko yankin Gaya a Nijar. Da farko akan yi masa dariya. Ya ce, "Baba, in an matse, kada a zubar da tukar, a ajiye mini zan saya." Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, me za ka yi da shara?" Amma kafin shekara ta zagayo, shi da kansa zai aiko a ce kaya sun taru. Mai sayen da ya san aikinsa yakan roƙi abu biyu: a ware farar saƙa daban, baƙa daban, kuma kada a dafa zumar a kan wuta tare da saƙarta, yadda wasu ke yi don ta narke da sauri. Dafuwar nan tana ƙona zumar ta ɓata kakin, a yi asara biyu. In mai amya ya ga cewa farar tuka ta fi kuɗi, shi ma sai ya fara lura da abin da yake yankowa, ya bar wa ƙudan saƙar 'ya'yansu. Ta haka ciniki kan gyara abin da wa'azin malaman gona ya daɗe bai gyara ba.

Da kaya sun iso gida ba a jira. Akwai wani asu da ba shi da abinci sai tsohuwar saƙa. In aka jingine buhu a lungu, cikin 'yan makonni za a buɗe a tarar da yana da kashin tsutsa. Kakin da aka tace aka daskarar kuwa asu bai cika kula shi ba, kuma ba ya ruɓewa. An tono kakin zuma a kaburburan Misira na dā, bayan dubban shekaru, yana nan a kakinsa.

Matakin farko jiƙo ne. A faffasa tukar, a zuba mata ruwa mai ɗan ɗumi, a cuɗa, a tsiyaye, a sake, har ruwan ya daina zaƙi. Zumar da ta saura a jiki ita ce ke sa kaki ya yi danƙo a hannu, ya kuma yi duhu in ya ji wuta. Baƙar saƙa kuma akan bar ta ta kwana a ruwa, kwana ɗaya ko biyu, kuma hikimar da ke cikin wannan tana burge ni. Waɗancan rigunan tsutsa da ke manne a ramuka suna tsotsar duk abin da suka fara haɗuwa da shi. In a bushe suka shiga tukunya, narkakken kakin za su shanye, a matse a matse ba zai fito ba. In kuwa sun riga sun ƙoshi da ruwa, ba su da sauran wurin da za su sa kaki, sai su sake shi ya taso.

Ruwan ma ba kowanne ba. Ruwan rijiyar da ke da kanwa ko farar ƙasa yana cin kaki, ya bar gindin curin da wani toka-toka mai laushi, wanda ba ya ƙonuwa da kyau kuma ba ya sayuwa. Ruwan sama ya fi kowanne. Da yake a bazara ake aikin, ba kowa ke da shi a ajiye ba, don haka akan matsa lemun tsami kaɗan a cikin ruwan rijiyar ya kashe kaifin kanwar. Haka tukunya. Baƙin ƙarfe yana mai da kaki ruwan ƙasa mai duhu, jan ƙarfe da tagulla suna sa shi kore-kore, bokitin kwano yana sa shi toka-toka. Abin da ya dace shi ne tukunyar silba, ko ta dalma, ko kwanon samira wanda bai ɓantare ba. Kuma tukunyar da ta shiga aikin kaki ta bar girki ke nan, domin wanke ta tas sai an sha wuya.

Sai wuta, inda gwaninta take. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, tun ruwa bai yi kusa da tafasa ba. In zafi ya haura 85 ya daɗe, launinsa ya fara dushewa, ƙamshin zumar ya gudu. Saboda haka ba a taɓa ɗora kaki tsurarsa a kan wuta. A cikin ruwa ake narka shi: ruwa a ƙasa, tuka a sama, tukunyar kada ta wuce kashi biyu cikin uku, wuta kuma ta gawayi ce marar harshe, ko itacen da aka janye ya zama garwashi. Gwanar ba ta da ma'aunin zafi, amma tana kallon gefen tukunya. In ƙananan kumfa suka fara tasowa ɗaya-ɗaya, ta san an kai. In ruwan ya fara juyawa yana ɓararraka, ta san an wuce, sai ta janye itace. Ruwan da ya tafasa a ƙarƙashin kaki yakan tunkuɗo shi ya malalo kan murhu, kaki kuwa mai ne, da ya taɓa harshen wuta ya kama. In hakan ta faru, ruwa ba ya kashe shi, sai dai ya fantsama shi a jikin mutane. Murfi ake kifawa a kan tukunyar, a zuba yashi a kan wanda ya zube. Gidan da ya san abin da yake yi, murfin da bokitin yashin suna gefen murhu tun kafin a hura wuta, kuma ƙananan yara ba sa zuwa wajen. Ba a barin tukunyar a tafi amsa sallama.

Akwai kuma baƙin da ba a gayyata ba. Ƙamshin kaki mai zafi yana kiran ƙudan zuma daga nesa, in da rana ake yi a tsakar gida sai a ga sun cika wurin. Shi ya sa masu yi da yawa suke bari sai bayan magariba, ko su yi a ɗakin girki mai raga a taga.

In komai ya narke, kakin yakan taso ya kwanta a kan ruwa kamar yadda mai ke tasowa kan nono in an kaɗa. Sai a ɗaure bakin wani bokitin roba da buhun algarara mai tsabta ko yadin akoko, a juye tukunyar a kai, ruwa da kaki su wuce, datti ya tsaya. Mutum biyu su kama bakin buhun su murɗa, na uku ya matse da sanduna biyu daga sama zuwa ƙasa, da hanzari, domin kakin na daskarewa a jikin yadin tun ana cikin yi. Wannan wuri ne da aikin ke bukatar hannuwa, kuma nan ake gane amfanin a ce sana'ar ta iyali ce. Baƙin dattin da ya rage ba a zubar da shi: in ya bushe yana hura wuta nan take.

Daga nan sai jira, kuma a nan sabon shiga yake faɗuwa. Bokitin nan so ake ya huce a hankali ƙwarai. A rufe shi, a naɗe da tsohon bargo ko buhuna, a ajiye inda ba mai tuntuɓe da shi, a bar shi ya kwana. Muddin kakin yana ruwa-ruwa, ƙurar da ta tsallake yadi tana ci gaba da nutsewa ƙasa. In ya daskare da wuri, a tsakiyarsa za ta maƙale, curin kuma ya tsage. Wanda ya kasa haƙuri ya ɗaga murfi ya girgiza don ya gani, ya mai da aikin baya. Da safe za a tarar kakin ya janye daga jikin bokiti da kansa, domin yana tsukewa in ya huce, ya zama faifai mai kauri yana yawo a kan ruwa. A ciro, a kife, a kankare dattin gindin da wuƙa har a kai ga rawaya. Na kyandir da na man takalmi, narki biyu irin wannan ya isa. Na shafawa a jiki kuwa sai an sake narkawa an tace da yadi mai ƙananan ido, wannan karon ba ruwa a ciki: ƙaramar tukunya a zaune cikin babba mai ruwan zafi.

Akwai hanyar da ba ta cin itace ko ƙwaya, kuma ina mamakin yadda ba ta bazu a ƙasarmu ba. Akwatin katako ne a shafe shi da baƙin fenti, a sa masa murfin gilashi, a ciki a jingina farantin silba a karkace, a sa 'yar raga a bakinsa da kwano a ƙasa. A zuba saƙa a kan farantin, a fuskantar da akwatin ga rana. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin yakan wuce inda kaki ke narkewa ba da wata wahala ba. Kakin ya riƙa ɗiga a kwano, dattin ya tsaya a raga, rana kuma ta ƙara masa haske. Ba ya tatse tsohuwar baƙar saƙa sosai, wannan sai tukunya. Amma ga farar tuka babu kamarsa, ba hayaƙi, ba fargabar gobara.

Mai wannan sana'a dole wata rana ta sayi curin da wani ya tace, don haka sai ta iya gane na gaskiya. Abin da aka fi cuɗa shi da shi shi ne farin kakin kyandir na kanti, wanda daga man fetur ake samunsa, mai araha. Kakin zuma tsantsa in an karya shi, bakin karayar ba ya sheƙi, yana da ɗan gari-gari. In an murza ɗan guntu tsakanin yatsu yakan yi laushi ya miƙe ba tare da maiƙo ba. In an tauna ba ya kama haƙori, kuma ƙamshin zuma na nan a hanci. Wanda aka gauraya yakan yi santsi, ya yi sheƙi, ya farfashe a yatsa. Gwajin ƙarshe na ɗakin bincike ne, amma hannun da ya saba da na gaskiya ba a cika yi masa wayo ba.

To, an sami curi. Me za a yi da shi? A ganina, a ƙasar da hunturu ke fasa leɓe da dunduniya, amsar farko ita ce man shafawa. Kaki ba ya ƙara wa fata ruwa. Abin da yake yi shi ne ya shimfiɗa siririn rufi ya hana ruwan da ke cikinta tsiyayewa zuwa busasshiyar iska. Shi ya sa ya fi aiki in an shafa shi da ɗanyen jiki, bayan wanka ko alwala. Basilin ma aikin da yake yi ke nan, tun da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka a 1872, kuma ban ga laifinsa ba. Bambancin shi ne kuɗin kaki da man kaɗe a ƙauyukanmu suke tsayawa.

Haɗin ba shi da wuya a faɗa: kaki da mai, a narka tare a tukunya cikin tukunya. Da sikeli ake aunawa, ba da ludayi ba. Na kaushi da faso, awo ɗaya na kaki da huɗu na mai. Na leɓe, wanda ake so ya tsaya da ƙarfinsa, ɗaya da uku. Wannan mafari ne kawai, domin littattafan da suka kawo awon a ƙasashen sanyi aka rubuta su, man da ya tsaya cak a Landan kuwa zai iya malala a jakar mace a kasuwar Kurmi. Gwanar takan tsoma cokali mai sanyi a cikin haɗin, ta jira ya daskare, ta murza a bayan hannu. In ya yi ruwa ta ƙara kaki, in ya yi tauri ta ƙara mai. Ta kuma san cewa na bazara ya fi na hunturu son kaki. Man kuwa zaɓi ne: na kwakwa, na riɗi, na alayyadi, na zaitun ga mai hali. Man gyaɗa yana yi, sai dai ƙamshin suya yana bin sa. Man kaɗe shi ne abokin kaki na asali, amma yana da hali: in ya huce a hankali yakan yi tsakuwa-tsakuwa a cikin gwangwani. Saboda haka a ƙarshe ake sa shi, bayan an sauke, a zuba a gwangwanaye, a kai wuri mafi sanyi a gidan don ya kama da sauri. Dubi wannan: curi so ake ya huce sannu, man shafawa so ake ya huce maza, duk a hannun mace guda. Turare ma sai an sauke ake ɗigawa, in ba haka ba zafi ya kwashe shi. Na jarirai ba a sa masa turare ko kaɗan.

Doka guda da ba a karyawa ita ce kada ɗigon ruwa ya shiga. Man da ba ruwa a cikinsa ba ya yin fumfuna, zai yi watanni lafiya lau. Da an sa ruwa don a sami mai laushi irin na kanti, an shiga wani fage daban. Haɗin kaki da mai da ruwan wardi tsoho ne, ana danganta shi da Jalinusu, likitan nan na zamanin Rumawa, amma ba ya daɗewa sai da sinadarin hana lalacewa, wannan kuwa ilimi ne da ake zama a koya, ba a yi da ka.

Kyandir ya fi kowane kaya kyau a ido, amma gaskiya ita ce ba zai yi gasa da na kanti a farashi ba, balle yanzu da fitilar caji da ta sola suka cika gari. Masu sayensa daban ne: majami'u, waɗanda tun dā suke fifita na kakin zuma, da otal-otal, da masu neman abin kyauta. Abin da suke biya shi ne daɗewar ci, da ƙarancin hayaƙi, da ƙamshi. Sirrinsa duk yana ga lagwani. Narkakken kakin zuma yana da kauri, ba ya hawa zare da sauƙi, don haka yana son lagwanin da ya fi na kyandir ɗin kanti kauri, na auduga zalla, a kitse shi kitso uku. Abawa tana yi sarai. In lagwani ya yi siriri, wutar ta haƙa rami ta nutse ta mutu. In ya yi kauri, ta yi hayaƙi, kakin ya zubo ta gefe. Babu mai sanin daidai sai an kunna an zauna an kalla, kuma kowane kaurin kyandir da nasa lagwanin. Wasu a bututun roba ko gora suke zubawa, su ja zaren ta tsakiya, su ƙara kaki a ramin da ke buɗewa a sama in ya fara hucewa. Wasu tsomawa suke yi: a tsoma zare a ciro, a rataya ya sha iska, a sake tsomawa, sau ashirin ko talatin, har ya yi jiki. Wannan aikin yara manya kan iya shi, kuma suna son sa.

Akwai kuma kasuwar da ba ta bukatar gwangwani ko takarda. Dukawa suna goga zarensu a kan kaki don ya yi ƙarfi, ya ratsa fata sumul, ruwa kuma kada ya ci shi. Kaki da ɗan mai shi ne man goge takalmi da jaka da sirdi, shi ne kuma ke hana akushi da muciya tsagewa. Maƙeran zubi ma da shi suke aiki: su sassaƙa siffa da kaki, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Da wannan dabara aka zuba kawunan tagulla na Ife da Benin, da ma'aunan zinariya na Asante, da ita kuma maƙeran Agadas ke yin abin wuyan azurfar nan da duniya ta san garin da shi. Sai masu kiwon zuma su kansu. Sabuwar amya takan fi kama ƙuda da wuri in an shafe cikinta da kaki. Amyar katako irin ta Kenya, wadda aka fito da ita a farkon shekarun 1970, kowane sandan samanta sai an ja masa layin kaki don ƙudan su bi shi su yi gini a miƙe. Irin wannan amya da ta gargajiya su ne ma suka fi ba da kaki, tunda saƙar gaba ɗaya ake yankowa. Akan sami kusan kilo guda a kowane kilo 10 na zuma. Amyar Langstroth, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1852, ana mayar mata da saƙarta bayan an juye zumar, don haka kakinta kaɗan ne.

Batun kuɗi kuwa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kwasar adashi guda ta isa tukunya biyu da sikeli da yadi da buhun farko. Lissafin ma a fili yake: kilo 1 na kaki da kilo 4 na mai sun ba da kilo 5, wato gwangwani 100 masu giram 50. Inda gidaje ke ruɗuwa shi ne abin da ba a rubuta ba. Gawayi, kuɗin mota, gwangwanin da ya lotse, wanda aka ba maƙwabciya kyauta, da wunin da uwar gida ta yi a tsaye, duk sai sun shiga littafi. A auna tuka kafin a jiƙa, a auna curi bayan an kankare, a rubuta daga wurin wa aka saya; bayan 'yan zuwa za a san wane mai amya ne kayansa ke da albarka, wane ne yashi da ruwa suka yi wa nauyi. 'Yar makarantar da ke gidan ita ta fi dacewa da littafin nan, ita ce kuma za ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp. Kuɗin sana'a da na cefane kada su kwana a gwangwani ɗaya.

In kaya sun fara fita daga unguwa zuwa shaguna, sai a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a kuma nemi lambar NAFDAC, domin a Najeriya kayan shafe-shafe a ƙarƙashinta suke. Takardar jikin gwangwani ta faɗi abin da ke ciki da ranar da aka yi. Abin da nake roƙon masu sana'ar shi ne su tsaya a nan. Man kaki yana maganin bushewa da kaushi, wannan ya ishe shi talla. Kada a rubuta cewa yana warkar da ƙyasbi da basir da ciwon sanyi. Akwai ma waɗanda ƙaron da ke cikin kaki yake sa musu ƙaiƙayi, ya kamata a ce wa mai saye ya fara gwadawa a ɗan wuri a hannu.

Fitar da kaki waje wani mataki ne da ya wuce tukunyar gida guda. Habasha ce kan gaba a Afirka, kuma da yawan kakinta daga gidajen da ake yin abin shan zuma da suke kira tej yake fitowa. Yankin Tabora na Tanzaniya ya daɗe da suna a kai. A maƙwabtanmu, Adamawar Kamaru, wajen Ngaoundal, tana tara shi ana kaiwa Turai. Masu saye a can suna son kakin Afirka domin yawancin amyoyinmu ba a sa musu magungunan kashe ƙwari da suke maƙalewa a kaki. Amma da tan suke saye, launi ɗaya, tsabta ɗaya, wannan kuwa sai gidaje sun haɗu a ƙungiya.

Gida guda dai abin da yake bi shi ne zagayowar shekara. A sayi tuka a tace a bazara, lokacin da take banza. A jera curi a ɗaki mai inuwa, a naɗe da takarda ko leda, nesa da kananzir da maganin ƙwari, domin kaki yana ɗaukar wari. In ya yi wani fari-fari a jiki bayan 'yan watanni ba lalacewa ya yi ba, goga da tsumma yake so. Da damina mata na tsintar ƙwarar kaɗanya, kafin kaka sabon man kaɗe ya shigo kasuwa. A wannan tsakanin ake gwajin lagwani da awo, a sayi gwangwanaye, a buga takardu. Iskar farko ta hunturu tana kaɗawa kaya na kan tire. Wanda ya bari sai hazo ya sauka sannan ya fara neman kaki, a hannun irin waɗannan gidaje zai saya, a farashin da suka yanka.